Kogin Cikin Kwamfuta: Yadda Ake Ƙayyade Ƙazantar Da Ruwa Zai Iya Ɗauka

A takardar izinin da hukumar muhalli ke bai wa kamfanin da ke zubar da ruwan aikinsa a kogi, akwai layi guda da ya fi sauran nauyi. Layin na cewa kada abin da ke fita daga bututunku ya wuce kilo kaza na abu kaza a rana. Saboda wannan adadi ake kashe maƙudan kuɗi wajen gina matatar dagwalo, a kansa ake cin tara, a kansa kuma lauyoyi ke shafe shekaru suna kai gwauro suna kai mari a kotu. To daga ina ya fito? Babu wanda ya tsaya a bakin kogi yana zuba ƙazanta kaɗan-kaɗan har kifi ya fara mutuwa, sannan ya ce a tsaya nan. Ruwan da jama'a ke sha ba abin yi wa irin wannan gwaji ba ne. Abin da ake yi shi ne a gina kogin da lissafi a cikin kwamfuta, a riƙa zuba wa wancan ƙazantar ana duba yadda zai kasance. Wannan kogin lissafi shi ake kira samfuri.

Kafin a kai ga kwamfuta, sai an fahimci abin da ke kashe kogi. Kifi ma numfashi yake yi, da iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa, kuma iskar nan 'yar kaɗan ce ƙwarai. Lita ɗaya ta ruwa mai sanyin ƙanƙara tana riƙe miligiram 14.6 ne kacal. In zafin ruwan ya kai digiri 20, sai ta koma wajen miligiram 9, a digiri 30 kuwa wajen 7.5. Yawancin kifaye suna fara jigata idan ta sauka ƙasa da 5, in ta gaza 2 kuwa, wanda bai gudu ba sai a tsince shi yana yawo a saman ruwa ciki sama. Najasa da ruwan mahauta da na masana'antar takarda ba dole ne su zama guba ba kafin su yi ɓarna. Abinci ne ga ƙwayoyin bakteriya, su kuma ƙwayoyin suna ci ne suna shaƙe oksijin ɗin da kifi ke dogaro da ita.

Ana auna wannan yunwa ta oksijin da wata hanya mai sauƙi da ta haura shekara ɗari. A ɗebo ruwa a cika kwalba maƙil, ba a bar ko ƙwayar kumfa ba, a auna oksijin da ke ciki, a toshe, a ajiye a wuri mai duhu a zafin digiri 20. Bayan kwana biyar a buɗe a sake aunawa. Giɓin da aka samu a oksijin ɗin shi ne ma'aunin abin da ƙazantar za ta ci idan ta shiga kogi. Duhun kuma da dalilinsa: in haske ya shiga, gansakukar da ke cikin ruwan za ta samar da sabuwar oksijin ta ɓata lissafin.

A shekarar 1925, wasu masana biyu na hukumar lafiyar jama'a ta Amurka, Harold Streeter da Earle Phelps, suka fitar da nazarin da suka yi a kan kogin Ohayo, kuma har gobe a kan tubalinsu ake gini. Sun ga cewa abubuwa biyu ne ke ja-in-ja a cikin kogin da aka zuba wa ƙazanta. Bakteriya na zuƙe oksijin, iskar sama kuma na mayar da ita ta fuskar ruwan, musamman inda yake gudu yana bugun duwatsu. A bakin bututu ƙazanta na da yawa, don haka zuƙa ta fi mayarwa, oksijin ta yi ta sauka. Can gaba abincin bakteriyar ya fara ƙarewa, mayarwa ta rinjaya, kogi ya farfaɗo. In aka zana wannan a takarda, layin yakan lotsa a tsakiya kamar igiyar shanya da aka rataya wa jiƙaƙƙen bargo. Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne inda lotsawar take. Ba a bakin bututun ba ce. Tana iya kasancewa tafiyar kwana biyu ko uku ta ruwa a ƙasa, nisan kilomita masu yawa. Mai kamfani yana iya tsayawa a ƙofarsa ya nuna maka kifi na iyo lafiya lau, kuma gaskiya ya faɗa, alhali garin da ke can ƙasa shi ke kwashe matattun kifaye. Ido ba ya iya haɗa waɗannan wurare biyu. Lissafi ne ke haɗa su.

Ga misali na ƙirƙira, don a ga yadda yawan ruwa ke juya al'amarin. A ce kogi na gudu da mita kubik 9 a daƙiƙa, yunwar oksijin ɗinsa miligiram 2 a lita. Bututu na zuba masa mita kubik 1 a daƙiƙa mai ɗauke da miligiram 52 a lita, wato kusan tan huɗu da rabi na ƙazanta a rana. In suka gauraya, sakamakon miligiram 7 ne, kogin zai iya da shi. Sai lokacin fari ya zo, kogin ya janye ya koma mita kubik 1. Bututun bai ƙara komai ba, amma gaurayen ya zama miligiram 27, kusan ninki huɗu. Ga shi kuma a lokacin ne ruwan ya fi zafi, ya fi ƙarancin oksijin, bakteriya suka fi kuzari. Shi ya sa ba a yanka iyaka bisa matsakaicin gudun kogi. A Amurka jihohi da yawa suna amfani da ranakun tsanani: mafi ƙarancin gudu na kwana bakwai a jere wanda ake sa ran gani sau ɗaya a shekara goma. In kogi ya rayu a wannan mako, sauran lokutan masu sauƙi ne.

Streeter da Phelps da alƙalami da takarda suka yi aikinsu, bututu ɗaya, kogi ɗaya. Kogin gaske kuwa yana da birane biyar a gaɓarsa, ƙoramu goma na shigo masa, ga madatsa a tsakiya, ga laka a ƙasa ita ma tana cin oksijin. A nan kwamfuta ta shigo. Dabarar ita ce a yayyanka kogin gida-gida, kamar jerin kwatarniyoyi da kowace ke tsiyaya cikin ta gaba. A kowace kwatarniya tambayar ɗaya ce: me ya shigo, me ya fita, me ya ruɓe, me ya kwanta a ƙasa, me ya tashi sama? Ba abin da ke ɓacewa haka kawai, dole ƙididdigar ta cika. Kwamfuta na yin wannan ga ɗaruruwa ko dubban gidaje, ta matsa gaba da 'yan mintoci, ta sake, har ta cika shekara.

Manhajojin wannan aiki suna da yawa, kuma da dama kyauta ne. QUAL2E, wadda hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a shekarun 1980, da magajiyarta QUAL2K ta Steven Chapra, suna kallon kogi a matsayin layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. CE-QUAL-W2, ta sashen injiniyoyin sojan Amurka, tana ƙara zurfi, don haka ta dace da doguwar madatsa. EFDC da Delft3D ta ƙasar Holan suna ɗaukar tsawo da faɗi da zurfi gaba ɗaya. Akwai WASP, akwai jerin MIKE na ƙasar Denmak. A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa mafi girma ita ce mafi gaskiya. Kowane sabon ɓangare da aka ƙara yana buƙatar nasa awon, in kuwa babu awon, shaci-faɗi ne za a cusa a gurbinsa.

Tafki kuma halinsa daban. Ruwan kogi yau yana nan gobe ya wuce, na tafki yana iya zama shekaru, na wasu manyan tafkuna ma fiye da shekara ɗari. Sannan tafki mai zurfi yakan rabu hawa-hawa a lokacin zafi. Ruwan sama ya ɗumama ya yi sauƙi, na ƙasa ya zauna da sanyinsa da nauyinsa, ba sa cuɗanya tsawon watanni. Na sama yana samun iska, na ƙasa kuwa an rufe masa ƙofa. Duk gansakukar da ta mutu a sama ƙasa take nutsewa ta ruɓe, tana cin 'yar oksijin da ta rage. Idan ta ƙare, lakar ƙasan tafkin sai ta fara sakin sinadarin fosfaras da ta daɗe tana riƙe da shi, shi kuma ya koma ya ciyar da sabuwar gansakuka. Wannan ne ya sa tafki kan ci gaba da ciwo shekaru bayan an toshe bututun da ya jawo masa cutar.

An daɗe ana gardama a kan wane sinadari ne ke hura wutar gansakuka a tafkuna. A 1968 wani masani mai suna Richard Vollenweider ya fitar da wani lissafi ɗan ƙarami: a ba shi yawan fosfaras da ke shiga tafki a shekara da zurfin tafkin, daga baya ya ƙara da tsawon zaman da ruwa ke yi a ciki, zai faɗi ko tafkin zai zauna garau ko zai koma kore. Masu yin sabulun wanki, wanda a lokacin yake cike da fosfaras, ba su ji daɗin zancen ba, aka ce ai sinadarin kabon ne mai laifi. Gani ya kori ji. A 1973, a wani yankin gwaji da ke lardin Ontariyo na Kanada, David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani tafki mai lamba 226 gida biyu da labulen roba. Ɓangare ɗaya suka zuba kabon da naitirojin, ɗayan suka zuba su duka biyun suka ƙara fosfaras. Hoton da aka ɗauka daga sama ya nuna gefe ɗaya ruwa tas, gefen fosfaras kuwa kore shar. Na kawo wannan ne domin ya nuna yadda ya kamata alaƙar ta kasance. Lissafi ya yi nuni, tafkin gaske ya tabbatar.

Bututu abu ne mai sauƙin kamawa, yana da wuri, yana da mai shi, ana iya sa masa mita. Ƙazantar da ta fi ba da wahala ita ce wadda ba ta da ƙofa ɗaya: takin zamani da kashin dabbobi da ruwan sama ke wankowa daga dubban gonaki, da man mota da ƙurar tituna, da ƙasar da zaizaya ke kwasowa. Don wannan aka gina wani rukunin samfura, irin su SWAT ta ma'aikatar noma ta Amurka da HSPF, waɗanda ke kallon tudu maimakon ruwa. Ana ba su taswirar gangare, irin ƙasa, abin da aka shuka, ruwan saman kowace rana, su kuma su kirdadi nawa ne zai gangaro kogi. Rauninsu a bayyane yake. Kaso mai tsoka na fosfaras ɗin shekara yana iya saukowa a cikin 'yan kwanakin ruwa mai ƙarfi, kuma a irin waɗannan ranaku ne aka fi wahalar zuwa ɗebo ruwan gwaji.

Inda duk wannan ya zama doka ƙarara shi ne Amurka. Dokar tsaftar ruwa ta 1972, a sashe na 303, ta wajabta wa kowace jiha ta jera ruwayen da suka gaza mizani, ta kuma ƙayyade iyakar nauyin gurɓatawa da kowanne zai iya ɗauka a rana, abin da ake taƙaitawa da TMDL. Iyakar kashi uku ce. Akwai rabon masu bututu, akwai rabon gonaki da tituna da abin da ƙasa ke bayarwa da kanta, sai kuma wani kaso da ake warewa ba a bai wa kowa, don kandagarki idan lissafin ya yi kuskure. Wannan kaso na uku yana burge ni, domin doka ce da kanta ta amsa cewa samfuri na iya kuskure, ta kuma ce in za a yi kuskuren, to a yi shi ta inda kogi ba zai cutu ba.

Mafi girman irin wannan iyaka ita ce ta mashigin tekun Chesapeake, wadda aka kafa a Disambar 2010. Ta shafi jihohi shida da birnin Washinton. An haɗa samfurin iska, da na tudu, da na ruwan mashigin, aka tsayar da cewa a shekara kada naitirojin ya wuce kimanin tan 84,000, fosfaras kimanin tan 5,700, laka kuma kusan tan miliyan 2.9. Wato a rage naitirojin da kashi 25 cikin ɗari, fosfaras da 24, laka da 20. Babbar ƙungiyar manoman ƙasar ta kai ƙara, kuma ingancin samfuran na cikin abin da ta ƙalubalanta. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da iyakar a 2015, kotun ƙoli kuma ta ƙi sauraren ƙarar a 2016.

A nan akwai abin da bai kamata a rufe shi da sunan kimiyya ba. Samfuri zai iya cewa kogin nan tan ɗari yake ɗauka. Ba zai iya cewa birni ya ɗauki saba'in manoma talatin, ko a juya ba. Rabe-rabe iri-iri za su iya kai kogin ga lafiya ɗaya, amma kowanne da wanda zai biya. Wannan hukunci na mutane ne, na adalci da iya ɗaukar nauyi, kuma duk jami'in da ya ce kwamfuta ce ta raba, ɗora mata jakar tsaba kawai yake yi. Wanda za a rage wa rabo yana da haƙƙin a zaunar da shi a nuna masa sauran zaɓin da aka gwada da dalilin da ya sa aka bar su.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace: ta yaya za a san kogin kwamfuta ya yi kama da na gaske? A cikin kowane samfuri akwai lambobin da babu mai iya auna su kai-tsaye a ko'ina, kamar saurin ruɓewar ƙazanta, saurin shigar iska, saurin girman gansakuka, da yawan oksijin da laka ke ci. Mai aikin yakan ɗauki awon da aka yi a wata shekara, ya riƙa murɗa waɗannan lambobi har layin kwamfuta ya bi ta kan awon. Wannan shi ne saiti. Sannan ya ɗauki awon wata shekarar daban, wadda bai taɓa nuna wa samfurin ba, ya gudanar ba tare da ya taɓa komai ba. In ya dace, an samu ƙwarin gwiwa. Haɗarin shi ne mai maɓallai talatin a hannu zai iya sa layi ya bi ta duk inda yake so. Ya ƙara saurin ruɓewa fiye da kima, ya ƙara shigar iska fiye da kima, kurakuran biyu su rufa wa juna asiri, zanen ya fito gwanin kyau. Sai ranar da aka tambayi samfurin abin da aka gina shi dominsa, wato me zai faru in an rage ƙazantar da rabi, amsar ta fito a karkace ba wanda ya sani.

Shi ma awon yana da nasa tarko. Ka ɗauki ma'aikacin da ya isa gada da ƙarfe biyu na rana, ya zura na'urarsa a ruwa, ya ga oksijin ta cika har ta yi rara, ya rubuta ya tafi. Bai yi ƙarya ba. Amma a kogin da gansakuka ta yi yawa, da rana tana zuba oksijin, da dare kuwa ita ma shaƙa take yi tare da kowa. Mafi ƙarancin oksijin yana zuwa ne gab da ketowar alfijir, kuma a lokacin kifin ke mutuwa. Samfurin da aka saita da awon rana zalla bai taɓa ganin wannan sa'a ba. Haka kuma zafi: ƙa'idar da aka saba amfani da ita tana ƙara saurin ruɓewa da kusan kashi 5 cikin ɗari a kowane digiri, wato ƙarin digiri goma ya kai shi ninki ɗaya da rabi da ɗoriya. Wanda ya kwafo lambobin kogin ƙasar sanyi ya liƙa wa kogi mai ɗumi ba tare da ya je ya auna ba, wani kogin ya kwaikwaya, ba nasa ba.

Kuma duniya ba ta tsayawa ta jira samfuri. A lissafin Chesapeake na 2010 an ɗauka madatsar Conowingo da ke kan kogin Susquehanna, wanda ke kwarara cikin mashigin, za ta ci gaba da tare laka da fosfaras na wasu shekaru. Daga baya aka gano tafkin madatsar ya riga ya cika da laka, ba ya tarewa kamar da, dole aka sake lissafi aka nemo inda za a ƙara ragewa.

Tafkin Erie, wanda ke tsakanin Amurka da Kanada, ya ga ɓangarorin labarin duka biyu. A ƙarshen shekarun 1960 har ana cewa ya mutu. Ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniya a 1972, daga baya samfuran lissafi suka taimaka aka tsayar da iyakar tan 11,000 na fosfaras a shekara. Aka gyara matatun najasa, aka rage fosfaras a sabulu, kuma tafkin ya murmure a shekarun 1980 kamar yadda aka yi hasashe. Sai daga tsakiyar shekarun 1990 gansakuka ta fara dawowa, alhali a yawancin shekaru jimillar fosfaras ɗin ba ta wuce iyakar ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wasu ƙananan halittu masu ɓawo, baƙi daga Turai, sun shigo tafkin a ƙarshen shekarun 1980 sun canja yadda abinci ke zagayawa a ruwan. Salon noma ya sauya, kuma kason fosfaras narkakke, wanda gansakuka ke sha nan take, ya ƙaru a ruwan da ke gangarowa daga gonaki. A Agustan 2014 gubar gansakuka ta shiga ruwan famfon birnin Toledo da ke gaɓar tafkin, aka hana sama da mutum 400,000 shan ruwan gidajensu har kusan kwana uku. A 2016 ƙasashen biyu suka amince da sabon buri na rage fosfaras da kashi 40 cikin ɗari bisa na 2008, kuma a wannan karon samfura da dama aka gudanar gefe da gefe, aka duba inda bakinsu ya zo ɗaya.

Abin da ya sa aka iya gane cewa narkakken fosfaras ne ya ƙaru shi ne wani ɗakin gwaji na jami'ar Heidelberg da ke jihar Ohayo, wanda tun tsakiyar shekarun 1970 yake ɗibar ruwan kogin Maumee, babban mai kai wa yammacin tafkin fosfaras, kusan kullum, ana ruwa ko ana fari. Da wannan awon ne, na watan Maris zuwa Yuli, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ke fitar da hasashen girman gansakukar kowace shekara tun kafin ta bayyana, masu kula da ruwan famfon garuruwan gaɓar kuma su tanadi magungunan tacewa kafin watan Agusta ya kama.